Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Likitoci da Malaman Dabbobi

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamiti da sauran abokan aiki, ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare, da abin da muka ɗauki alkawari amma bai yiwu ba.

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, in ban da waɗanda aka ɗage saboda ƙarancin mahalarta.

Zan fara da kuɗi, don duk sauran maganar a kansa ta rataya. Waɗanda suka biya kuɗin shekara cikakke ba su kai rabinmu ba. Wasu sun ba da wani abu suka ce za su cika, har yau shiru. Akwai kuma waɗanda bashin bara da na bana ke kansu, kuma ba ƙananan ma'aikata ba ne. Sabon likitan da bai sami aiki ba, babu mai ganin laifinsa, tsarinmu ma ya yi masa rangwame. Wanda ke ba ni ciwon kai shi ne mai albashi ko mai asibitin kansa, wanda zai karanta saƙo a zauren WhatsApp ya wuce, a kira shi ya ce yana tiyata, a sake kira wayar a kashe. Ni ma aikin sa kai nake yi, ina da dabbobin da ke jirana kamar kowa.

Wannan ne dalilin da ya sa firjin sola na ajiye allurar rigakafi bai samu ba. Na ji ana cewa kwamiti ya yi sakaci, to a sani mun nemo farashi daga dillalai daban-daban, mun zaɓi wanda ya dace, abin da ke asusu ne bai kai ba. An ba da shawarar a sayi firjin gida mai araha, muka ƙi. Dukanmu mun san yawancin alluran nan suna buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, firjin gida kuwa ko ya daskarar da su ko ya sake su su yi ɗumi idan wuta ta ɗauke. Allurar haukan kare da ta daskare ta lalace, kuma ido ba zai nuna maka ba. Kuɗin da aka ware yana nan ba a taɓa shi ba, takardar banki tana hannun ma'aji ga mai son gani. Mun kuma nemi tallafi a waje, tambayar farko da aka yi mana ita ce nawa mambobi suka tara. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Bitar da muka shirya kan bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, wadda muka so ta dace da makon wayar da kai na duniya, 18 zuwa 24 ga Nuwamba, ita ma ba ta yiwu ba. Sunaye sun cika takarda, masu biyan kuɗin rajista ba su isa a kama ɗakin taro ba, balle a biya kuɗin motar masu gabatarwa. Wannan ta fi yi mini zafi. Kullum muna ganin ana dirka wa saniya oksitetrasaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ka, ba awo ba lissafi, a tatsi nononta washegari a sayar, ba a jira kwanakin da magani zai fita daga jiki ba. Mu ne ya kamata mu tsaya a kan wannan, kuma mu kanmu muna buƙatar sabunta iliminmu. Waɗanda suka fi tambayar satifiket don sabunta lasisi suna cikin waɗanda ba su biya ba.

Shirin haɗa sababbin likitoci da manya ya fara, ya tsaya a rabi. Matasan sun zo da ɗoki, wasu daga cikin manyan da suka ba da sunansu ba su taɓa amsa kiran yaran da aka ba su ba.

Yanzu ga abin da ya faranta mana rai. Ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, wadda aka ɗora a kan ranar rasuwar Louis Pasteur, masanin da ya samar da allurar rigakafin cutar, a 1895, ƙungiyar nan ta nuna abin da za ta iya. Da kulolin aro da ƙanƙara muka fita, aka raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni da babban likita ɗaya da malaman dabbobi da ɗalibai. Mun yi fargabar mutane ba za su fito da karnukansu ba, sai ga shi kafin la'asar allurar da muka tanada ta ƙare, mutane na kan layi. Babu wanda kare ya ciza a cikinmu, kuma wannan aikin malaman dabbobinmu ne, waɗanda suka koya wa ɗalibai yadda ake ɗaure baki da riƙe kare ba tare da an firgita shi ba. Akwai ɗaliban da ranar ce suka fara yin allura a ƙarƙashin fata da hannunsu, babba na tsaye a kansu yana gyara musu riƙon sirinji.

Rukunin da ya shiga makarantu ya cancanci yabo na musamman. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Saƙo biyu kawai aka ba yaran: in kare ya cije ka ko ya yakushe ka, kada ka ɓoye wa iyayenka, sannan a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 a garzaya asibiti. An sa su maimaita har ya zauna. Sai dai kada murna ta rufe mana ido. Sai an yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnuka allura, ana maimaitawa shekara-shekara, kafin a katse yaɗuwar cutar. Fitar rana ɗaya ba ta kai mu can ba.

Da yamma aka zauna da ɗaliban kan hanyoyin aiki, kuma a ganina nan ne ribar ranar take. Da yawansu sun zo da tunanin cewa in ba aikin gwamnati ba, sai buɗe shagon magani. Mambobinmu suka tashi ɗaya bayan ɗaya: mai duba nama a mayanka, mai aikin ɗakin gwaje-gwaje, mai kula da gonakin kaji da kifi, mai bin diddigin annoba, mai koyarwa. Abokiyar aikinmu da ke duba nama ta yi bayanin yadda ake gano tarin fuka a huhun saniya da tsutsar hanta, ta ce duk naman da ta hana fita, wani gida ta tsare. Ɗalibai mata suka kewaye ta bayan an tashi. An tuna musu cewa kimanin kashi 60 cikin ɗari na cututtuka masu yaɗuwa da ke kama ɗan Adam daga dabbobi suke, don haka likitan dabbobi ma'aikacin lafiyar jama'a ne ko bai taɓa shiga asibitin mutane ba.

Sannan Baba, dattijonmu da ya yi aikin rigakafin bushiya, wato annobar shanu, a ƙuruciyarsa, ya karɓi magana. Ya ce makarantar likitan dabbobi ta farko, wadda Claude Bourgelat ya kafa a Lyon ta Faransa a 1761, annobar shanu na cikin dalilan kafa ta, kuma sai a 2011, bayan shekara 250, aka ayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya, cuta ta biyu da aka kawar bayan agana. Ya gaya wa yaran cewa nasu rabon shi ne PPR, annobar tumaki da awaki, wadda aka sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Da ƙafarsa ya zo, alhali wasu da ba su kai rabin shekarunsa ba sun aiko da uzuri, daga baya kuma suka nemi a tura musu hotuna.

Mutanen da suka ɗauki nauyin wannan rana su ne dai waɗanda suke zuwa taro, su ne masu biya, su ne suka cika abin da ya gaza daga aljihunsu. Ba zan lissafa su ba don sun roƙi kada a yi, amma sun gaji, kuma ba adalci ba ne a ci gaba a haka.

Kwamiti zai kawo shawarwari uku a babban taro mai zuwa: a karanta sunayen masu bashin fiye da shekara ɗaya, a daina ba da satifiket ɗin bita ga wanda bai biya ba, a kuma zaɓi sakataren kuɗi na musamman don a raba aikin karɓar kuɗi da na rubutu. Wanda ke cikin matsi na gaskiya ya sami ma'aji a keɓe kafin ranar, za a tsara masa biya kaɗan-kaɗan, kuma ba za a karanta sunansa ba. Firji da bitar magani su ne farko a ajandar sabuwar shekara.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya