Sanarwa ga ƴan rukuni kan zaman watan Disamba

Assalamu alaikum, iyaye da ƴan uwa. Zamanmu na wannan wata a nan Garwa zai waiwayi mutum biyu da aka haifa cikin Disamba.

Na farko Manu Dibango ne, wanda aka haifa a Duwala ranar 12 ga Disamba, 1933, ya kuma rasu a Faransa a 2020. Waƙarsa Soul Makossa ta 1972 ta ratsa har Amurka, ta sa duniya ta san kiɗan Kamaru.

Na biyu, wanda a ganina ya fi cancantar mu daɗe a kansa, shi ne Sheikh Anta Diop na Senegal, haifaffen 29 ga Disamba, 1923. Galibi an san shi da hujjarsa cewa Misirawan dauri baƙar fata ne, amma ana mantawa da cewa masanin kimiyya ne, domin shi ya kafa ɗakin gwajin tantance shekarun kayan tarihi a Dakar, inda jami'ar birnin ke ɗauke da sunansa a yau.

Mai son gabatar da jawabi, da Hausa ko Fulatanci, ya sanar da shugabannin rukuni kafin Juma'a.