Likita, anya ciki zai iya sa mutum tari?

Assalamu alaikum Likita, ya aiki, ya iyali? Allah ya saka da alheri kan wannan shiri.

Ni ɗan kasuwa ne a Gusau, shekarata 46, kuma ni ne ladanin masallacin unguwarmu. Wata biyar ke nan ina fama da busasshen tari. Da rana da sauƙi, amma ina kwanciya sai ya taso. Wani lokaci wajen ƙarfe biyun dare zan farka in ji ƙirjina yana kuka kamar ɗan kyanwa. Da asuba kuwa murya a dishe, baki da ɗaci, ga wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Sau uku ina miƙa wa wani yaro lasifika a tsakiyar kiran salla.

Maganin tari na kemis na sha har na daina ƙirga kwalabe, haka zuma da citta. Da aka fara raɗe-raɗin tarin fuka, har maiɗakina ta ware mini kofi, ban kuma ga laifinta ba, sai na je asibiti. Aka gwada kakina, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce babu. Aka ba ni Ventolin na shaƙa, wai ko asma ce. Yakan ɗan buɗe mini numfashi, amma tarin yana nan daram. Ban taɓa shan taba ba.

Ƙanwar maiɗakin nawa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta kawo zancen ƙwannafi. Ta ce a bakin tumbi akwai wata 'yar ƙofa da ke rufewa bayan abinci ya wuce, idan ta saki sai ruwan tsamin ciki ya hauro har maƙogwaro, musamman in mutum ya kwanta, ya riƙa sosa hanyar numfashi. Na ce mata ni ba kasafai ƙirjina ke zafi ba. Ta ce ai wasu ba sa jin zafin sam, tarin kawai suke gani.

Gaskiya ta taɓa ni a wani wuri. Ba na rufe shago sai goman dare. In na dawo, tuwo ne da miyar kuka, yaji da man shanu, in bi da shayi mai kauri, in haye gado. Goro kuwa ba ya barin aljihuna.

To Likita, maganarta haka take? Ta ce in bar awa uku tsakanin cin abinci da kwanciya, in kuma ɗaga ƙafafun gado ta wajen kai da bulo, wai tara matasai bai wadatar ba. Ta ambaci omeprazole, maganin rage tsamin ciki, a sha kafin karin kumallo. In saya da kaina, ko sai likita ya duba ni? Sati nawa zan yi kafin in ga bambanci? Ventolin ɗin in ajiye ko in ci gaba? Mahaifiyata kuma ta dage sai in sha jiƙon kanwa, ni ko ina tsoro.

Na gode, a huta lafiya.

Mai sauraronka a kullum,
daga Gusau