Takardar Koke Zuwa ga Mai Girma Hakimi kan Wahalar da Mata ke Sha Wajen Neman Tazarar Haihuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu ne matan aure da iyaye mata na ƙasarka, tare da ungozomomin da suka daɗe suna karɓar haihuwarmu. Mun jima muna shawara kafin mu rubuto, domin magana ce da mace ke jin nauyin faɗa ko a gaban mijinta, balle a gaban uban ƙasa. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ana yawan cewa mata ne ba sa son tazarar haihuwa. Allah ya ja zamaninka, muna so, kuma muna zuwa nema. Mayar da mu ake yi. Mace za ta goya jaririnta ɗan wata biyar, ta taka har asibiti a ranar da aka rubuta mata a kati, ta zauna a benci tun safe, sai rana ta take a leƙo a ce allura ta ƙare, ta dawo wani makon. Allurar nan duk wata uku ake yin ta, kuma jinkirin da take ɗauka bai wuce mako huɗu ba. Ta dawo, babu. A karo na uku ba ta da bakin sake neman izinin fita. Bayan 'yan watanni sai ga ta a layin awo da ciki, ga goyo bai yi ƙwari ba. Wannan ita ce kwanikar da ake zargin uwa da ita, alhali ta yi iya nata.

Masana lafiya ba su ɓoye mana komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mace ta huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta ɗauki wani ciki, wadda ta yi ɓari kuma ta huta wata shida. Hukumar ta ce a shekarar 2023 mata kusan 260,000 ne suka rasu a duniya sanadin ciki da haihuwa, wato sama da 700 kowace rana. Mu ba a takarda muka san wannan adadi ba. Mun san wadda jini ya ɓalle mata a haihuwa ta tara, mun san wadda jijjiga ta ɗauke, kuma 'ya'yansu suna hannunmu.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne rashin bayani. A yi wa mace allura ko a sa mata ashanar fata, wato ɗan siririn maganin tazara da ake sakawa ƙarƙashin fata, a dantse, a sallame ta cikin minti biyar, ba wanda ya gaya mata cewa al'adarta za ta iya rikicewa. Sai ta koma gida jini ya riƙa ɗiga mata kwana goma, ya ɗauke, ya dawo. Ba ta san ko haila ba ce ko istihala, ba ta san ta yi sallah ko ta bari ba, miji kuma ya fara ɗaure fuska. Wata kuwa jinin ɗaukewa yake yi gaba ɗaya, sai maƙwabta su ce ya taru a mara zai zama ƙari. Da an zaunar da ita an ce mata wannan sanannen abu ne, jinin ba ya taruwa a ko'ina, kuma akwai abin da ake bayarwa idan zubar ta dame ta, da hankalinta ya kwanta. Haka ma batun haihuwa bayan an daina: wadda aka cire wa ashanar fata ko robar mahaifa tana iya ɗaukar ciki nan da nan, mai allura kuwa takan yi jinkirin wasu watanni. Da ba a faɗa ba, wannan jinkirin ne ya zama jita-jitar cewa allura tana kashe mahaifa. Mace ɗaya da ta sha wuya ba bayani ta isa ta hana mata ashirin zuwa.

Akwai kuma masu shiga kanti su sayi ƙwayoyi ba tare da an auna jininsu ba, saboda kunyar asibiti. Wasu ƙwayoyin ba su dace da mai hawan jini ba, ba su dace da mai sabon jego ba. Kunyar kuwa tana da dalili. A ɗaki ɗaya ake awo, ake rigakafin yara, ake ƙwala kiran sunan masu tazara, kafin mace ta isa gida labari ya riga ta wurin uwar miji.

Sai maganar cirewa. Ashanar fata tana aiki shekara uku ko biyar, gwargwadon irinta, amma ranar da mace ta ce a cire mata, haƙƙinta ne a cire. Sau da yawa sai a ce mai cirewar ba ta nan, ko kayan aiki babu, ko a ce ta yi haƙuri lokaci bai yi ba. Wadda ta ga 'yar'uwarta tana yawo da abu a hannu ta rasa mai fitar mata da shi, yaya za ta yarda a sa mata?

Ranka ya daɗe, ba mu zo raba mace da mijinta ba. Mun fi kowa son a yi abin nan da shawarar maigida. Sai dai yawancin mazanmu ba a taɓa zama da su an yi musu bayani ba, abin da suka ji a majalisa shi suka riƙe. Alƙur'ani mai girma ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku, kuma ya tabbata cewa sahabbai sun yi azalu, wato miji ya janye kafin fitar maniyyi, a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Idan wannan bayani ya fito daga bakin limamai da malaman da suke girmamawa, tare da ma'aikacin lafiya a gefe yana amsa tambayoyi, za su saurara fiye da yadda za su saurare mu.

Don haka muke roƙon ka tara dagatai da masu unguwanni da limamai a kan wannan batu, a kuma shirya wa maza zama nasu. Muna roƙon ka kai kukanmu ga shugaban ƙaramar hukuma da sashen lafiya, a daina barin kayan tazara suna yankewa, idan kuma za su yanke a sanar da mata tun da wuri inda za su samu. A ware ɗaki ko da da labule ne, a ajiye ma'aikaciya mace da ta iya sawa ta kuma iya cirewa, wadda za ta ba kowace mace lokacin yin tambaya, har da ranar da za a dawo da ƙorafi.

A shirye muke mu turo wakilai uku su zo fada su yi bayani baki da baki, a duk ranar da ka sa mana.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka,
Matan aure, iyaye mata da ungozomomi na wannan gunduma