Kada a Matsa wa Masu Koyon Ces Su Miƙa Wuya da Wuri

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankali kan wata ɗabi'a da take yaɗuwa tsakanin matasanmu masu buga ces, wato darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai, musamman yanzu da yawancinsu suke koyonta a waya. Da zarar an ci wa yaro doki ɗaya sai ya ce ya sallama, wai kada a ce ba shi da ladabi, tunda ya ga manyan 'yan wasa ba sa jira a kama musu sarki.

Gaskiya ne gwanaye suna miƙa wuya tun wasa bai kai ƙarshe ba, amma suna yin haka ne saboda sun tabbata wanda ke zaune a gabansu ya san yadda zai ƙarasa aikin. Mai koyo kuwa da ɗan'uwansa mai koyo yake karawa, wanda zai iya zubar da sarauniyarsa a motsi na gaba, ko ya toshe wa sarki dukkan hanyoyi ba tare da ya kai masa hari ba, a tashi kunnen doki. Su kansu gwanayen gaggawa ta taɓa cin su. A gasar Monte Carlo ta 1902, Georg Marco ya sallama wa Ignatz von Popiel domin yana ganin bishof ɗinsa, wato ɗan ces ɗin da ke tafiya a karkace, ya riga ya salwanta, alhali da ya tura shi layin ƙarshe kusa da sarkin Popiel, da barazanar kama sarki ta tilasta wa Popiel rasa sarauniyarsa, nasara ta dawo hannun Marco. Dokokin hukumar ces ta duniya, FIDE, ba su wajabta wa kowa miƙa wuya ba, kuma ba a ga laifin Donald Byrne ba da ya ci gaba da wasa a New York a 1956 har Bobby Fischer, yana ɗan shekara 13, ya kama masa sarki.

Inda ladabi yake da muhimmanci shi ne yadda ake sallamawar. Wanda ya yanke shawara ya faɗa da bakinsa a fili, ya tsayar da agogon da ke ƙirga lokacin kowane ɗan wasa, sannan ya miƙa hannu, domin miƙa hannu shiru yakan jawo gardama: wannan ya ɗauka an sallama masa, wancan ya ce tayin kunnen doki ya yi. Abin da ya fi muni shi ne a tashi a bar mutum yana gadin allo. Curt von Bardeleben ya yi wa Wilhelm Steinitz haka a gasar Hastings ta Ingila a 1895, ya fice daga zauren har lokacinsa ya ƙare, kuma har yau da wannan ake tuna shi. Masu rufe manhaja a intanet su bar agogo yana tafiya, aikin Bardeleben suke yi, sai dai su ba wanda yake ganin fuskarsu.

Wanda ke kan gaba ma yana da nasa haƙƙin da zai sauke. Ba hurumin sa ba ne ya ce wa abokin karawarsa ya sallama, ko ya riƙa tsaki yana kallon agogo, domin dokar ta hana damun abokin wasa ta kowace hanya. Ina roƙon malaman da ke koyar da ces a makarantu su bar yara su riƙa buga wasa har a kama sarki, sai ranar da yaro zai iya nuna a kan allo yadda za a cinye shi, sannan a ba shi izinin sallamawa.

Na gode.

Naka,
Mai koyar da yara wasan ces, Kano