Wasiƙa zuwa ga Nasiru kan tafiyar Fas

Mabera, Sakkwato.

Aminina Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Maman Hafsa da yara, da kuma jama'ar Fatakwal. Mu nan lafiya lau, sai hunturu da ya kankama. Da asuba hazo kan rufe gari har da ƙyar kake hango fitilar masallacin shiyarmu.

Ranar Juma'a bayan an sauko na biya gida na gaida Baba Alhaji. Na tarar da shi a zaure bisa buzunsa, carbi a hannu, an aje masa ƙwaryar fura bai ko taɓa ba. Kafin in gama durƙusawa ya ce, “Ka ji ɗan'uwanka zai kai ni Fas?” Nasiru, na daɗe ban ga fuskar tsohon nan ta yi haske irin na ranar ba. Tun muna yara yake ambaton zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani da ke birnin Fas a ƙasar Maroko, yana gaya mana Shehu ya rasu a 1815, shekara biyu kafin Shehu Usmanu, har muka haddace. Allah ya saka maka da alheri, ya cika maka wannan buri. Ka tambaye ni ta waya nawa za ka tanada na masauki da na mota, tunda na yi tafiyar bara. Ba maganar da za a gama a minti uku ba ce, shi ya sa na zauna na ɗauki biro.

Ka fara lissafinka daga ƙofar gidan Baba, ba daga Kasabalanka inda jirgi zai sauke ku a Maroko ba. Nan ne mu muka fara yin tuntuɓe. Babu jirgin Maroko daga Sakkwato, dole sai an gangara Abuja ko Legas, kuma mutum mai shekarun Baba ba za ka sa shi mota ya wuni cur a hanya ba, balle yadda hanyoyinmu suke yanzu. Ka ga kuɗin jirgin cikin gida na mutum uku ke nan, shi da Inna da Bashir, zuwa da dawowa. Namu jirgin da asuba ya tashi, sai da muka kama ɗaki muka kwana, a dawowa ma haka. Kwana biyu ke nan na masauki da ba su cikin takardarmu, da kuɗin tasi sau huɗu. Ka rubuta su tun yanzu.

Sai maganar kuɗin da za ka riƙe. Don Allah kada ka yi lissafi da naira. Kai ma shaida ne, tun da aka saki farashin canji a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga naira 460 da 'yan kai, ba a rufa shekara ba ta haura 1,500. Wanda ya tara guzurinsa da naira a lokacin, yana zaune kuɗin suka narke a hannunsa. Ka yi lissafin da dala, kana saye kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata kamar mai zubin adashi. Kuɗinsu dirhami ne, ba ka samunsa wurin 'yan canjinmu, sai ka sauka can. Dala ɗaya takan ba ka wajen dirhami 10, ko ƙasa da haka kaɗan, don haka lissafin ba shi da wuya a ka. A filin jirgi ka canza abin da zai kai ku masauki kawai, cikin gari ya fi daraja. Kuma ka tabbatar kana da katin asusun dala, domin masu ba da hayar mota sukan riƙe wani kaso a katin a matsayin jingina har ka maido musu motarsu. Ba su cire kuɗin ba, amma kai ma ba ka iya taɓa su. Mu wannan jinginar ta ɗaure mana kusan sulusin abin da ke katin, muka yi kwana tara muna ƙirga kowane dirhami alhali kuɗinmu ne. Ka ware kuɗin jingina daban, kada su shiga cikin na ci da na kwana.

To ga ainihin abin da ya sa na rubuto. Ka ce za ka ɗauki mota tun daga filin jirgi har ranar komawa. Haka muka yi, kuma da zan sake ba zan yi ba.

Hanyoyinsu dai babu laifi. Daga Kasabalanka zuwa Rabat wajen kilomita 90 ne, daga Rabat zuwa Fas wajen 200, duk a kan babban titi mai hannu biyu da ake gudun 120. A dama suke tuƙi kamar mu. Akwai shingen biyan kuɗin hanya, na tsakanin Kasabalanka da Rabat bai kai dirhami 30 ba, amma suna taruwa, sai ka aje canji kusa da giya. Wuraren hutawa na kan hanya akwai masallaci da banɗaki mai tsabta da wurin cin abinci, Inna ba za ta takura ba. Mai kam da tsada, gwamnatinsu ta cire hannu daga farashinsa tun 2015, lita ta haura dirhami 10. Yawancin ƙananan motocin haya irin su Dacia, waɗanda a can ƙasar ake haɗa su, ba su da shan mai, musamman masu dizal. In ka ɗauki lita 6 a kowace kilomita 100, tafiyar kilomita 1,300 za ta ci maka lita 80 ko kusa da haka, wato wajen dala 100. Mai giyar hannu ta fi arha nesa ba kusa ba, kai kuma tun a Fijo ɗin Baba ka koyi tuƙi. Ka tafi da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da naka na gida.

Matsalar sai an isa Fas. Tsohon garin, inda zawiyar take, mota ba ta shiga. Ba wai doka ce kawai ba, lungunan ne ba su ɗaukar ta. Akwai wanda in ka miƙe hannuwanka biyu za ka taɓa bango da bango. Jakuna da alfadarai ke dakon kaya, sai ka ji mai jaki na kiran “balak, balak” a bayanka, ka manne da bango ya wuce. Mun iso bayan magariba, muka aje motar a wani fili bakin ganuwa, wani dattijo mai rigar gadi ya karɓi kuɗin kwana, wani yaro ya loda jakunkunanmu a kura ya shige gaba muna bin sa cikin duhu. Kwana uku motar nan tana wurin, raɓa na sauka a kanta, ko ƙofarta ba mu buɗe ba. Kowace safiya kuɗin haya na tafiya, kuɗin inshora na tafiya, ga na mai gadi. A ce hayar dirhami 300 ce a rana, ka ga an doshi dubu guda a kan motar da ba ta motsa ba. Da wannan kuɗin da mun ƙara kwana biyu kusa da zawiya.

Ku kuma ziyara ce ta kai ku, Baba ba zai so barin Fas da wuri ba. Shawarata, ku hau jirgin ƙasa. Tasharsa na nan ƙarƙashin filin jirgin Muhammadu na Biyar na Kasabalanka, ku shiga gari ku canza zuwa na Fas, tafiyar awa huɗu ko kusa da haka. Ka saya wa tsofaffin kujerar daraja ta ɗaya, bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba. Ku yi kwanakinku a Fas ba mota. Ranar da kuka shirya fita, ka ɗauki haya a nan Fas ta kwana biyu ko uku, ku je Miknas, wajen kilomita 60, ku hau dutsen Maulaya Idris, in da hali ku leƙa Ifran su Bashir su ga garin da ƙanƙara ke sauka. Ka maido motar inda ka ɗauke ta. In ka ɗauka a wani gari ka aje a wani, akwai ƙarin kuɗi na daban, sau da yawa ba a faɗa maka sai wurin sa hannu.

Ranar karɓar mota kada ka yi kunya. Ka zagaya ta da wayarka kana ɗaukar bidiyo, tayoyi, gilashi, ƙarƙashin bamba, da allurar mai, mutumin kamfanin yana tsaye. Mu mun yi sakaci da wannan, ranar maidowa aka nuna mana wani ƙarce a ƙofar baya da na tabbata mun same shi a nan, amma ba mu da shaida, aka yanka daga jinginar. Har yau abin na ci mini rai, ba don yawan kuɗin ba. Ka kuma kula da allon gudu, musamman wurin shiga ƙauyuka inda yake saukowa zuwa 60. Jami'ai na tsayawa da na'ura, tara kuwa nan take ake biya a ba ka rasit.

Masauki kuma, a nan nake so ka saki hannu. Cikin tsohon gari akwai gidajen gargajiya da aka mayar masauki, riyad suke ce musu, tsakar gida da famfon ruwa a tsakiya, ɗakuna kewaye. Suna da kyau ƙwarai, yawanci da karin kumallo a cikin kuɗin. Amma matakalarsu ƙunci gare ta ga tsayi, kuma ba na'urar hawa. Namu ɗakin a hawa na uku yake, ni da nake da sauran ƙarfi sai da na riƙa tsayawa ina hutawa. Ka tuna gwiwar Baba. Ka rubuta musu tun daga nan ka nemi ɗakin ƙasa, ka tambaye su tafiyar minti nawa ce zuwa zawiya a ƙafar tsoho, da kuma nisa daga inda tasi ke iya tsayawa. Ɓangaren Rasif ya fi muku, mota na isowa dandalinsa, kuma bai da nisa da zawiyar da masallacin Ƙarawiyyin, wanda aka kafa tun 859. Za ka ga otal masu arha a sabon gari, kada su ruɗe ka. Ƙananan tasi na Fas, jajaye, mutum uku kawai suke ɗauka, ku kuwa huɗu ne. Tasi biyu ke nan kowace fita, zuwa da dawowa, ga Baba zai so asuba da wazifa da magariba duk a zawiya. Abin da ka rage a ɗaki zai tafi a tasi, ka ƙara da wahalar da tsofaffi. Araha ba ta ado.

Ka tambayi ko kuɗin da suka faɗa ya haɗa da harajin kwana, domin akwai ɗan abin da ake karɓa kan kowane mutum kowane dare, wasu sai ranar fita suke kawo shi. In lokacin sanyi za ku, ka tabbatar ɗakin na da abin ɗumama shi, sanyin Fas a Disamba da Janairu ya fi hunturunmu shiga ƙashi. Lokacin Mauludi kuwa masu ziyara daga Senegal da Najeriya da sauran wurare kan cika shiyar, ɗaki ya yi wuya. Ka tsara kwanakin yadda Juma'a za ta same ku a can, saboda zikirin bayan la'asar. Wannan kam ko me zai ci, kada Baba ya rasa shi.

Na san ranka na son Marrakesh. Daga Fas kilomita 500 ne da ɗoriya, wuni guda a mota, sannan wasu 240 zuwa Kasabalanka. Mu mun yi, mun iso a gajiye, muka biya ɗaki mai tsada don barci kawai, gari na wayewa muka kama hanya. Da tsofaffi biyu ban ga amfaninsa ba. Ka bar shi sai wata shekara, kai da Maman Hafsa.

Wuri ɗaya da nake so ka kai Baba bayan zawiya shi ne majemar da suke kira Shuwara, cikin tsohon garin Fas. Ana hawa saman shagunan dukawa a leƙa, a ƙofa su miƙa maka ganyen na'ana'a ka kanga a hanci saboda wari. Ramuka ne birjik, wasu farare wasu ja wasu ruwan ɗorawa, mutane tsundum a ciki har cinya suna tattaka fata. Da na tsaya a nan sai Shiyar Maɗunka ta faɗo mini. Ka san fatar jar akuyarmu ta Sakkwato ce fatake ke ketare Sahara da ita, Turawa su saye ta a can arewa su kira ta fatar Maroko. Baba ya fi mu sanin wannan tarihin, zai ji daɗin gani da idonsa. Ba a biyan kuɗin shiga, sai ɗan ihsani ga wanda ya hau da ku, in matakalar ta yi masa yawa akwai shagunan da ba su da tsayi sosai.

In ka gama tara lissafin duka, ka ɗora kashi 15 cikin 100 a kai, ka sa a ambulan daban ka ba Inna ta riƙe. Ba na tsaraba ba ne. Na ranar da jirgi ya makara ne aka ƙara kwana, ko aka nemi kantin magani da dare. Magungunan Baba na hawan jini kuma a saye su nan isassu, su zauna a jakar hannu tare da takardar likita.

Fasfo ɗin Inna na ga ya kusa ƙarewa, na gaya wa Bashir ya fara neman sabuntawa kafin a shiga maganar biza. In ka aiko mini da kwanakin da kake da hutu, zan zauna da shi mu tsara su rana-rana, in turo maka ka duba. Ƙaramar jakata mai taya tana nan, da rigar sanyin da na sayo a can, za ta yi wa Baba daidai, gobe in Allah ya kai mu zan kai masa ya gwada.

Ka gaida Maman Hafsa da yara. Hajiya da su Abba suna gaishe ku, Abba ya ce a tuna maka alkawarin ƙwallonsa. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ziyara. In kun isa ka sa mu a addu'a.

Wassalam.

Naka har kullum,
Aminu