Wasiƙa Kan Lissafin Nisan Ɗigo da Ɗigo

Daga Kano

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya. Ya aiki, ya baƙunta?

Na ga hoton aikin ɗanka da ka turo ta WhatsApp. Ka kwantar da hankalinka, yaron yana da kai. Alamar ɗebewa ce kawai ke kayar da shi, kuma ita ke kayar da yawancin 'yan ƙaramar sakandare. An ba shi ɗigo biyu, (−3, 2) da (5, 2), lambar farko ita ce x, ta biyu y, aka ce ya nemo nisan da ke tsakaninsu, sai ya rubuta 5 − 3 = 2. Amsar kuwa 8 ce.

Kafin ka haddace masa wata ƙa'ida, sa shi ya ja layin kwance na x da layin tsaye na y a takardar giraf, ya ɗiga ɗigon biyu, ya ɗora yatsa a kan −3 ya taka zuwa 5. Taki uku ne kafin sifili, taki biyar bayan ya tsallake. Ka sa ido ya riƙa ƙirga tazara, domin wanda ya haɗa da ɗigon da ya tashi a kai zai samu 9.

Sai yatsa ya gane tukuna za ka kawo masa tsantsar ƙimar lamba, wato nisanta daga sifili, ko ta hagu take ko ta dama. Da sanduna biyu ake rubuta ta, alamar da Bajamushe Karl Weierstrass ya fito da ita a 1841: |−3| = 3, |5| = 5. In ɗigon biyu suna da y iri ɗaya, a kan layin kwance ɗaya suke, sai ya ɗebe x ɗinsu cikin sandunan: |5 − (−3)| = |5 + 3| = 8. Ko ya juya, |−3 − 5| = |−8|, 8 ɗin ce dai. Nace masa ya riƙa sa baka a kan lamba mai alamar ɗebewa, don a nan ne alama ɗaya ke ɓacewa aiki ya lalace.

In x ne iri ɗaya, y zai ɗebe. Ba shi (4, −6) da (4, −1). A nan da yawa za su tara su ce 7, tunda sun saba ganin alamar ɗebewa ta kai ga tarawa. Amma duka biyun ƙarƙashin layin x suke, ba su tsallake sifili ba: |−6 − (−1)| = 5. Wasu malamai kan koyar da cewa in lambobin suna gefe ɗaya na sifili a ɗebe, in suna gefe biyu a tara. Gaskiya ne, amma ni na fi son sandunan, don ƙa'ida ɗaya ce ta ɗauke duka biyun.

Inda za ka fi lura shi ne ɗigon da ba su haɗa x ko y ba, kamar (1, 2) da (4, 6). Kwance 3, tsaye 4. In ya tara ya ce 7, ya auna hanyar ɗan adaidaita sahu a layukan Sabon Gari, wanda dole ya miƙe sannan ya sha kwana. Miƙaƙƙen nisa kuwa sai da ƙa'idar Fitagoras: a ninka kwance da kansa, 3 × 3 = 9, tsaye da kansa, 4 × 4 = 16; 9 da 16 sun zama 25, tushenta, wato lambar da aka ninka da kanta ta ba da 25, 5 ce. Ninka lamba da kanta yana kashe alamar ɗebewa, shi ya sa ba a ganin sandunan a wannan ƙa'idar.

Ka kuma duba ma'aunin takardar. In an ce santimita 2 na wakiltar 1, yaro ya bi gidaje yana ƙirgawa, amsarsa za ta iya ninkawa biyu.

Ga aikin da za ka ba shi: (−3, 2), (5, 2), (5, −4), (−3, −4). Ya haɗa su da layi su ba da siffa mai kusurwa huɗu, ya nemo tsawo, faɗi, kewaye da nisan kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Ya kamata ya samu 8, 6, 28 da 10. Ka turo mini aikin da layukansa duka, ba amsa kaɗai ba.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka na Kano