Wasiƙa daga Argungu: Ɗinkin Gicciye da Zanen Gida

Argungu,
Jihar Kebbi.

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya sanyin Ingila? Mu ma nan hunturu ya kankama. Inna tana gaishe ki, ta ce wai kin samu shayi kin manta da fura.

Saƙonki ya iso: yadin Aida mai ƙananan ramuka a jere, zaren kamfanin DMC da allurai. Allah ya bar zumunci. Kin ce ke ma kin sayi naki amma kin rasa ta inda za ki kama ɗinkin gicciyen, to saurara.

Ki cire ɗinkin hula daga ranki. A hula mai zane ne yake zana miki da biro, ke kuma ki bi layi. Nan babu zane a jikin yadi, ƙirga ake yi. Yadin da kika aiko mai gida 14 ne a kowane inci, kowane gida a takardar zane kuma gicciye ɗaya ne a yadi, wato zare biyu a gicciye kamar harafin X. Zane mai gida 70 tsawo da faɗi zai ba ki inci 5, sai ki bar rarar inci 3 ta kowane gefe. Ki ninke yadin gida huɗu, inda ninkin ya haɗu nan ne tsakiya, daga nan za ki fara. Zaren sili shida ne, biyu za ki zare, tsawon kamu ɗaya, in ya fi haka sai ya riƙa harɗewa. Ba a ƙulli, ɗinkin farko ne zai danne jelar ta baya. Abin da ya fi komai: zaren sama ya kwanta ɓangare guda daga farko har ƙarshe. In ya saɓa, daga bakin ƙofa ake ganinsa, kamar kitson da tsagarsa ta karkace.

Sai maganar zanen da kika haɗo da su. Gida cikin dusar ƙanƙara, kyanwa a kwando, sun yi kyau, amma wa zan rataye wa su a Argungu? Ni littafin lissafi mai gida-gida na saya, na fara zana namu. Aska takwas ta babbar riga ta zauna daram, don dama layinta miƙaƙƙe ne. Dagi ya fi wuya saboda lanƙwasarsa, dole ki ba shi fili sosai, in kika matse shi sai ya fito da kusurwoyi, kyansa ya tafi. Salon rubutun Larabci na Kufi mai kusurwa huɗu kuwa tamkar don wannan yadi aka yi shi. Na ɗinka "Barka da zuwa" da baƙin zare mai lamba 310, ya isa shi kaɗai. Yanzu masunci nake kai, da gorarsa da homarsa a kogin Matan Fada. Bikin kamun kifin nan tun 2016 UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin jerin al'adun duniya na gado, ina laifin ya hau rigar filo? Ki dubi matan Falasɗinu: ɗinkinsu da ake kira tatriz mafi yawansa gicciyen nan ne, kowane yanki da zanensa, har a gane garin mace daga rigarta. Shi ma ya shiga jerin a 2021.

Ki fara da ƙarami, marufin tire ko alamar shafi, kafin ki taɓa gafaka. Kada ki ɗauko mai launi ashirin ki jefar a durowa, na san halinki.

Da zaren DMC ya kusa ƙarewa na gwada na kasuwa. Yana yi, amma ki fara tsoma ja cikin ruwa a farin kofi, in ya zuba ki bar wa mai shi. In babu Aida, yadin nan mai gida-gida na kayan makaranta ma yana ɗauka. A hunturu kaushin yatsa yana kama zare, man shafawa kuma yana ɓata farin yadi, shi ya sa nake shafawa da dare, in wanke hannu kafin in ɗau allura. In kin gama, ki wanke da ruwan sanyi, ki kife shi a kan tawul ki goge ta baya.

Bikin ƙanwata bayan Sallah ne, rigunan filon ɗakinta duk suna wuyana. Idan mai zuwa ya samu, ki ƙaro min ja mai lamba 321 da allura lamba 24 mai dakusasshen baki, yara sun ɓatar min da biyu. Zan ɗauki hoton zanen dagin in turo miki ta WhatsApp, ki ƙirga da kanki.

Ki gaishe min da maigidan, ki shafa min kan auta.

Taki,
Aminiyarki ta Argungu